Malaman lakwal, mu yi aiki da hotunan nan amma ido buɗe

Salamu alaikum ƴan uwa malaman lakwal na Maradi da kewaye. Ina son in yi magana kan manhajojin nan masu zana hoto kyauta, irin su Bing Image Creator na Microsoft da ya fito a 2023, da Gemini da ChatGPT da Canva, don na ga mun rabu biyu, wasu sun ce ɓata yara ne kawai, wasu kuma duk abin da injin ya zana sai su kwashe shi su kai aji haka nan ba dubawa.

Ni dai ina cikin masu cewa a yi aiki da su, wallahi muna da buƙata. Aji cike maƙil, littafi guda yara na rububinshi, malam na gaban tablo da alli shina fama ya zana teku ko jirgin ƙasa ma yaron da ko garin Ɗan Isa na nan kusa da Maradi bai taɓa wucewa ba, to in akwai abin da zai sauƙaƙa wannan wahalar mi zai hana? Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, katin koyon kalmomi na ƴan CI da CP (azuzuwa biyu na farko a lakwal), nan abin na da amfani ƙwarai. Ka ce mishi ya yi zanen layi baƙi da fari, fotokopi ta fi araha kuma yara su shafa kala da kansu.

Amma jama'a yaro ya fi yarda da hoto bisa maganar baki, abin da ya gani shi ke zama cikin kanshi. Shi kuwa injin nan bai san gaskiya ba, hotuna ne masu ɗimbin yawa na intanet aka horar da shi da su, sai ya haɗa abin da ya yi kama, kuma namu hotunan kaɗan ne a ciki. Shi ya sa in ka ce ya zana kasuwar Hausawa sai ya kawo maka wasu tufafi da wasu gidaje da ba na ƙasar nan ba. Ka ce ya zana Sarauniya Mangu ta Lugu da ta yi yaƙi da rundunar Faransa a 1899, fuska zai ƙirƙiro daga babu, yaro kuma ya tafi gida da yaƙinin ya ga Sarauniya. Wannan na damuna sosai, tarihinmu ne fa. Haka taswirar Nijar da jihohinta 8, haka zanen zuciya ko huhu, kar a yarda da na injin, a je Wikimedia Commons (ma'ajiyar hotuna ta kyauta a intanet) ko littafin da hukuma ta amince da shi. Rubutun cikin hoton ma sai a hankali, ƙ da ɗ da ɓ sau da yawa lalata su yake, ga shi tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, bai kamata mu manna kuskure a bangon aji ba. Ka ɗauki hoton babu rubutu, ka sa kalmomin da kanka a Canva.

Kuma abin da muke mantawa, kyamarar wayarka ta fi duk waɗannan. Rumbu, damin gero, gyaɗa a gona, jar akuyar Maraɗi da duniya ta san ta, gulbi lokacin damina da kuma sa'ad da ya ƙafe, duk ga su kusa da mu. Ka ɗauka, ka gyara haske da manhajar Snapseed, kyauta ce kuma ba ta cin forfe don ko babu intanet tana aiki, ko an ɗauke kuran in dai da caji ka ci gaba.

Roƙona na ƙarshe don Allah, kar mu riƙa tura fuskokin ɗiyan mutane cikin manhajojin nan don a maida su katun ko a canza musu kaya. Hoton na tafiya ne kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, iyayen ba su sani ba balle su ba da izini, amana aka ba mu. In kuma ka kai hoton da inji ya zana cikin aji, ka faɗa ma yara tun farko cewa wanga zanen inji ne, ka bar su su nemo abin da bai yi daidai ba a ciki kafin a shiga darasin.