Bashin Wamban Yamma

Laifina ne, ban musa ba. Tun watan Mayun 2023 da ƙuri'a ta faɗa kan ƙungiyata San Antonio Spurs, ta jihar Texas, na hana majalisa sakat. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, cewa a ƙwallon kwandon Amurka ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake ba damar fara zaɓen yaran da ke tasowa. Mun ci wasa 22, an ci mu 60, sai Allah ya ba mu Victor Wembanyama, Bafaranshe ɗan shekara 19, tsawonsa ƙafa bakwai da inci huɗu. Na ce haka muka samu Tim Duncan a 1997, kofi biyar suka biyo baya. Mai shayinmu ya kasa faɗin sunan, ya raɗa masa Wamban Yamma, sunan kuwa ya bi shi.

Farkon Nuwamba yaron ya zuba wa Phoenix maki 38. Da asuba na fito ido jajir, don sai tsakar dare ake buga wasan a agogonmu, kaina na rawa na ce duk ranar da aka ci Spurs, shayin majalisa a wuyana. Ba caca ba ce, kyauta ce, a gaban shaidu na faɗa.

Sau 18 aka ci su a jere. Tun da aka kafa ƙungiyar ba ta taɓa yin haka ba, sai da na buɗe baki.

Ni duk cikin masu shan shayin nan babu wanda ya ƙona min rai kamar ɗan Arsenal ɗinku. Mutumin da bai san mutum nawa ke shiga fili ba, ya koma duba sakamako a waya kafin ya yi alwala. Shi ke buga min waya da asuba yana cewa, "Abokina, sai haƙuri, mu haɗu a teburi." Shayi na yi alkawari, amma shi sai ya ce a sa madara ta ji, a soya ƙwai biyu, wai shayi ba ya tafiya shi kaɗai. Kuma cajar da ya ara tun babbar Sallah har yau tana hannunsa.

Ranar da abin ya kai maƙura, sanye nake da baƙar rigar Spurs mai lamba 1, wadda na yi oda aka kawo min kamar da Wamban aka auna ta, har gwiwa take kai min. Sai ga Alhaji daga masallaci ya tsaya sayen burodi. Kun san Alhajin da nake nufi, wanda manyana suka kai wa goro. Na durƙusa ina gaishe shi. A daidai lokacin mai shayi ya ga dama ya buɗe littafin bashi, ya lashi yatsa, ya ɗaga murya: "Yallaɓai, har da na yau, bashin Wambai ya cika shafi biyu."

Alhaji ya juyo. "Wane Wamban? Na wane gari?"

Kafin in motsa baki ɗan Arsenal ya amsa da ƙwai a bakinsa: "Na Yamma, Alhaji. Yaro ne ƙarami. Duk ranar da ya faɗi, wannan ke biya."

"Ɗan'uwanka ne?"

"A'a, Baba."

"Ya san ka?"

Wallahi har tafasar butar shayi ina ji. Ina durƙushe, rigar ta sharo ƙasa. Na ce bari in gyara, na ce, "Baba, ai gini muke yi, sabon gini, sai an yi haƙuri." Nan take fuskar Alhaji ta washe. "Gini? Masha Allah! Ashe ka fara. A wace unguwa?"

Na ce a Texas.

Ya dube ni tun daga kai har ƙafa, a hankali, kamar mai taya rago. Ya karɓi burodinsa, ya ƙirga canji, sannan ya ce, "Ka je gida ka sa wando." Da wandona fa! Gajere ne, rigar ce ta rufe shi. To ta yaya zan ɗaga riga a gaban suruki in nuna masa?

Tsakiyar Disamba Spurs suka doke Lakers, na fito a guje da asuba in rama, na tarar mai shayi ya tafi ƙauye suna. Aka gama kakar, 22 da 60 kamar bara, ko ɗaya ba a ƙara ba. Wamban dai ya lashe kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa. Alhaji kuma duk inda muka haɗu sai ya ce, "Yaya ginin, an kai linta?"

Wanda ya ga ɗan Arsenal ya tuna masa cajata. Fara ce.