Kada Kewar Jiya Ta Sa Mu Zagi Zamani

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daren jiya muna zaune a wata fada a unguwar Zariya nan Maradi muna shan shayi, sai wani yaro ya wuce da salularsa tana fitar da irin kiɗan da samari suke rawa da shi a TikTok. Wani abokinmu da furfura ta fara kama wa gemu ya ja tsaki ya ce, "Allah wadaran wannan zamani, waƙa ta mutu tun da Shata ya rasu a 1999." Muka yi dariya, amma maganar ta hana ni barci.

Na san abin da yake ji, domin ni ma ina jin sa. Ina tuna lokacin da ake kawo kaset daga Katsina ta hanyar Jibiya, mu kewaye rediyo ɗaya mu goma, idan zaren kaset ya harɗe a sa biro a naɗe shi. Ina tuna yadda gari yake ɗaukar zafi a kakar kokawa, da sunan Kantu a bakin kowa. Sai dai in muka yi wa kanmu adalci, yawancin abin da muke kewa ba kiɗan ba ne. Ƙuruciyarmu muke nema, da ƙarfin gwiwar da ya tafi, da fuskokin waɗanda muka saurara tare da su, waɗanda da yawansu suna kwance a maƙabarta yau.

Kuma kada mu manta cewa iyayenmu sun yi mana irin wannan tsakin. Sun ce finafinan Indiya da bidiyon Kano za su lalata mu, kamar yadda muke cewa salula za ta lalata ƴaƴanmu. Allah Maɗaukakin Sarki ya faɗa a Suratu Ali Imrana, aya ta 140, cewa kwanaki Shi ne yake jujjuya su tsakanin mutane. A hadisin ƙudusi da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ce ɗan Adam yana cutar da Shi da zagin zamani, alhali al'amari a hannunsa yake, Shi ne mai juya dare da rana. Wannan kalmar da take fita daga bakinmu tsakanin kofin shayi na farko da na biyu ba ƙaramar magana ba ce.

Ban ce a karɓi duk abin da ya zo ba. Batsa batsa ce, ko da kalangu aka raka ta ko da kwamfuta, kuma a tsofaffin waƙoƙin da muke yabo akwai zambo da habaici da ba za mu iya maimaitawa gaban surukanmu ba. Ma'aunin shi ne halal da haram, tsufan abu ba ya wanke shi, sabuntarsa kuma ba ta ƙazantar da shi. Ranar Idi, Sayyidina Abubakar ya tarar da ƴan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, ya tsawata musu, Manzon Allah (SAW) ya ce ya ƙyale su, domin kowace al'umma tana da idinta.

Yau da safe na kira ɗana babba, na ce ya kunna mini abin da yake sauraro. Waƙa biyu na ce ya goge, na kuma gaya masa dalili ba tare da zagi ba. Ta uku kuwa yabon uwa ce, muka saurare ta har ƙarshe, shi yana kallon ƙasa don kunya.