Gadar da alƙali ya kasa gani

Kwana uku ke nan da na sa wani zane a fuskar wayata. Jiya da daddare wani abokina ya karɓa, ya ƙura masa ido, ya miƙo min yana cewa, "Malam, goge gilashin wayarka. Wannan ai kamar an ɗauki hoto da tsohuwar Nokia ne a tsakiyar hazo." Dariya kawai na yi, don a shekarar 1878 an ɗaga wannan zanen a kotu a Landan, alƙali ya dube shi ya tambaya wai wane ɓangare ne gadar.

James McNeill Whistler ne ya zana shi, Ba'amurke ne da ya yi zamansa a unguwar Chelsea, bakin Kogin Thames. Tsohuwar gadar Battersea ce, ta katako, da daddare, wajen 1872 zuwa 1875. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ƙafar gada guda ɗaya ta miƙe tsaye kamar turken rumfa, a samanta wasu inuwoyi suna tsallakawa, ba fuska ba sutura. Ƙasa kuma mutum ɗaya a kan jirgin dako, ya ɗan duƙa. Can ƙetare fitilu ƙanana sun ɗiga a ruwa, sama kuma tartsatsin wasan wuta yana zubowa kamar an watsa garin zinariya. Sauran duk shuɗi ne mai toka-toka. Ka nemi inda ruwa ya ƙare sama ta fara, sai ka sha wahala.

To ni wannan dishi-dishin shi ne ya kama ni, kuma ina ganin ya fi gaskiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi bayan isha ya san dare ba baƙi ƙirin ba ne. In ido ya saba, sai ka ga ruwan ya fi tudu haske, mutum ya koma dunƙule, fitila ɗaya ta zama biyu. Ba wanda yake ƙirga katakon gada a wannan lokacin. Mai zanen da ya ƙirga maka su, rana ya zana, sannan ya shafa mata baƙi.

Yadda yake aikin ma abin sauraro ne. Wasu 'yan'uwa biyu maƙwabtansa, Walter da Henry Greaves, 'ya'yan mai ƙera kwale-kwale, su suke tuƙa shi cikin kogin da dare. Sai ya yi ta kallo yana haddace wurin, kashegari ya zauna a ɗaki ya zuba abin da ya rage masa a ka. Fentin nasa ruwa-ruwa ne ƙwarai, har wani lokaci sai ya kwantar da allon a ƙasa don kada ya gangare. Gadar ma ba ta kai wannan tsayi ba, shi ya ja ta sama, ya ɗauko salon daga zane-zanen Japan irin na Hiroshige. Wani zai ce ƙarya ce. Amma shiga kwale-kwale ka bi ta ƙarƙashin gada cikin duhu, ka ga ko ba haka take zame maka ba.

Shari'ar kuwa, John Ruskin ne ya jawo ta, babban mai sharhin zane na Ingila a lokacin. A 1877 ya ga wani zanen dare na Whistler, na wasan wuta a lambun Cremorne, an sa masa kuɗi fam 210, sai ya rubuta cewa mutumin ya watsa wa jama'a tukunyar fenti a fuska ne kawai yana neman a biya shi. Whistler ya kai ƙara, a wannan shari'ar ne aka ɗaga zanen gadar a kotu. Lauya ya tambaye shi ko aikin kwana biyu ne yake wa wannan tsada, ya ce a'a, ilimin da ya tara tsawon rayuwarsa yake sa wa kuɗi. Ya ci shari'ar, aka ba shi diyyar kwatan kwabo. Kuɗin kotu ya taimaka wajen karya shi, a 1879 ya tsiyace har gidansa ya tafi. Gaskiya mutumin yana da baki da ji da kai, ba na tsammanin zan so zama da shi. Amma a wannan gardamar ina bayansa.

An rushe gadar a 1885. A 1905, shekara biyu bayan mutuwar Whistler, aka sayi zanen gadar fam 2,000 aka miƙa wa gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan, har yau yana hannunsu.

Abokina dai bai yarda ba, ya ce shi a ba shi hoto tangaran wanda zai gane kowa. Na ce ya ƙara duban mutumin da ke kan jirgin. Ya jawo hoton da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar, sai mutumin ya narke ya koma ɗigon fenti. Da ya saki, ga shi nan ya dawo, a duƙe, yana bi ta ƙarƙashin gadar.