Limamin cocin da bai gudu ba

Akwai wani ƙauye a kudancin Iceland da sunansa ke karya harshe: Kirkjubæjarklaustur. A 1186 aka kafa wa mata masu zaman ibada gida a wurin, amma ba su suka sa na tuna shi ba. Wani limamin coci ne, Jón Steingrímsson.

Ranar 8 ga Yuni 1783 ƙasa ta tsage a Laki, wani dutse da ke arewa da ƙauyen, ta yi wata takwas tana aman wuta. Narkakken dutse ya biyo kwarin kogin Skaftá, ya nufo ƙauyen. Ranar Lahadi 20 ga Yuli Jón ya tara jama'a a coci, kowa na ganin ibadar ƙarshe ke nan. Da suka fito sai suka tarar wutar ta tsaya. Har gobe wannan labarin ake ba baƙi.

Ni kuwa ba nan ya burge ni ba. Mu mutane akwai mu da son labarin karama, mu manta da wahalar da ta biyo baya. Ai tsayawar wutar ba ta hana komai ba. Hayaƙi mai guba ya sauka kan ciyawa, yawancin tumakin ƙasar suka mutu, shanu da dawaki kusan rabi. Yunwa ta shigo, ta ci kusan mutum ɗaya cikin biyar na duk ƙasar. Matar Jón, Þórunn, ma ta rasu a 1784.

Mutumin nan bai tattara ya bar yankin ba. Shi ne mai wa'azi, shi ne mai magani, shi ke binne gawa. Har kuɗin agajin da aka damƙa masa ya kai wa hukuma ya buɗe ya raba wa mayunwata a hanya, aka tilasta masa ba da haƙuri a bainar jama'a. To, da ni ne alƙalin, da na sallame shi.

Kuma a cikin wannan masifa yana rubuta abin da idonsa ya gani: inda wutar ta bi, warin iska, yadda ƙasusuwan dabbobi suka kumbura. Masu binciken duwatsu masu aman wuta har yau suna komawa ga rubutunsa.

Ya rasu a 1791. Ƙaramin cocin da aka gina don tunawa da shi a ƙauyen, sai 1974 aka buɗe shi.