Ruwan gidanka, ina yake zuwa?

Da damina ta kankama a Kano, laifin ambaliya kan faɗa kan masu zuba shara a kwata da kuma gwamnati da ba ta yashe magudanan ruwa ba. Duka biyun gaskiya ne. Amma akwai mai laifi na uku da ba a cika ambata ba: mai gidan da ya cinye fulotinsa kaf da gini, ragowar tsakar gidan ya malale ta da siminti, ya fasa katanga ya saka bututu ya juya wa layi ruwan.

A yi lissafi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita fiye da 23,000 ce ke sauka a kansa, wato jarka sama da 900 irin ta 'yan garuwa. A da, tsakar gida ƙasa ce, ga bishiyar darbejiya ko mangwaro, ƙasa ta shanye wani kaso, ragowar ya gangara kududdufi. Yanzu kwano ya rufe sama, daɓe ya rufe ƙasa, kududdufan kuma an cike da yawansu an yanka filaye. Ruwan duk sai ya taru a kwata ɗaya cikin mintuna, ya ƙare a ɗakin wanda gidansa ke gangare, galibi mai ginin ƙasa.

Doka ba ta rasa ba. Akwai dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992, akwai kundin ƙa'idojin gini na 2006, a Kano kuma hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce ke ba da izinin gini, tana duba tazarar da za a bari tsakanin gini da titi da maƙwabta. Matsalar ita ce ana kallon bulo da rufi ne kawai. Simintin da ake zubawa bayan an tare, da shagunan da ake ƙarawa a jikin katanga, wani lokacin ma a kan kwatar, ba wanda ke komawa ya gani. A unguwannin awon igiya kuwa, inda dillali ke yanka fili ba tare da barin hanyar ruwa ba, ba a ma kai ga maganar takarda.

A ganina, duk inda ruwa ba ya ratsawa a lissafa shi cikin gini, kuma kada a sa hannu a zane sai ya nuna inda ruwan indararo zai tafi: tanki, ko ramin da zai tsotse shi, ko wani yanki da aka bari ƙasa. A garuruwa da dama na Jamus, kuɗin magudanar ruwa da mai gida ke biya ya danganta da faɗin wurin da ya rufe. Wanda ya bar filinsa bai rufe ba, kuɗinsa ya ragu.

Za a ce fili ya yi tsada, mai iyali da yawa ba zai bar taƙi ɗaya ba gini ba. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, shi ya sa bai kamata a auna mai rabin fuloti a Kurna da mai katafaren gida a Nasarawa GRA da mudu ɗaya ba. A fara da manyan gidaje da rukunin gidajen sayarwa. Kuma jami'i ya zo tun ana haƙa harsashi, lokacin da gyara bai wuce matsar da igiya ba, maimakon ya bari sai an yi rufi ya zo da jan fenti da katafila.