"Manyan baki" da muka yi wa maraba a Aboabo

Tun ranar Lahadi nake son yin wannan magana, na bari sai da zuciyata ta huce tukuna.

Mun yi walimar saukar karatu a makarantar unguwarmu a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana. An kafa rumfuna, an jera kujeru, a saman rumfar sarakai da malamai kuma aka ɗaure ƙyalle mai faɗi, jan rubutu a kan fari: BARKA DA ZUWA MANYAN BAKI. Ba wanda ya ce uffan, sai wani dattijo da ya zo mana daga Kano ya ɗaga kai ya karanta, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ashe mu ne masu manyan bakin?" Ya yi dariya, ni ma na taya shi, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni aka ɗora wa aikin rubutun, ni kuma na kai shi Asafo wurin masu buga takardu.

Wallahi da ƙugiyarsa na rubuta "baƙi" a takardar da na miƙa. Yaron shagon ne ya yar da ita wajen kwafa. Ɗan zango ne, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Da na koma washegari na tambaye shi, ko a jikinsa, ya ce, "Baba, ai kwamfuta ba ta da wannan harafin." A daidai lokacin kuwa, abin da ke buɗe a gabansa takardar jana'izar wani Ba'asante ce, baƙaƙen harshen Twi ɛ da ɔ ko'ina, ba ɗaya da ya kuskure. Na ce ina ka samo waɗannan? Ya buɗe Word, ya danna inda aka rubuta Insert, ya shiga Symbol, ya gangara har kan ɔ. Na ce to dubi maƙwabcinta, wanda ke gabanta a layi. Ga ɓ nan zaune. Lambar ɓ 0253, ta ɔ 0254. Shekara nawa yana wucewa ta ƙofar gidan bai taɓa yin sallama ba.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Ba'asante in ya kawo aiki aka rubuta masa 3 a madadin ɛ, ko alamar baka ")" a madadin ɔ kamar yadda suke yi a WhatsApp, ba zai biya ko pesewa ɗaya ba sai an sake. Mu kuwa muna karɓa, mu ninke, mu ce Allah ya yi albarka. Mai shago yana koyon abin da mai kuɗi ya nace a kansa ne.

Na san abin da wasunku za su ce, don an sha faɗa mini: Hausar Gana ai ba ruwanta da waɗannan baƙaƙen, da yawa daga cikin yaranmu ba su ma bambanta "ƙasa" da "kasa" a furuci. Gaskiya ne, ba na musu. Kuma akwai dalili. Ma'aikatar harsunan Gana tana aiki da harsuna 11 ne, su Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da sauransu, Hausa ba ta ciki. Ana jin ta a rediyo, ana ciniki da ita a Kejetia da Alabar, ana wa'azi da ita a masallatai, amma ɗan zango zai gama makaranta ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake rubuta ta da boko. Kakanninmu da ajami suka yi nasu, irin su Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934. Mu mun saki ajami, bokon kuma ba mu riƙe shi da hannu biyu ba.

To amma magana daban, takarda daban. In kana magana akwai murya, akwai fuska, in mutum bai gane ba zai ce me ka ce. Takarda ba ta amsa tambaya. Rubuta "ta yi bari" ka aika wa dangi a Sakkwato ko Yamai, ka ga ko ba za a bugo waya ana jaje ba. Rubuta "an yi fada a zango", mai karatu ya rasa ko fadar sarki aka gina ko kuwa an ba hammata iska. "Kafa" da "ƙafa", "kara" da "ƙara", "da" da "ɗa". Tun a shekarun 1930 masu daidaita rubutun Hausa a Zariya suka ga wannan matsala, shi ya sa aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, kuma a can ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. A zamanin da ake jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya aka iya, sai mu da muke da kwamfuta a cinya za mu ce ba ta yiwuwa?

Hirar waya ban damu da ita ba, kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da zai zauna: katin ɗaurin aure, shahadar sauka da yaro zai rataye a ɗakin uwarsa shekara talatin, tsarin mulkin ƙungiya, sanarwar sadakar arba'in.

Ga yadda nake yi, ga mai so. Abin da ke ɓatar da mutane a cikin akwatin Symbol shi ne baƙaƙenmu ba a gida ɗaya suke ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin da aka sa wa suna IPA Extensions, ƙ kuwa da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna Latin Extended-B. Mutum ya samu ɗaya ya rasa ɗaya, sai ya gaji ya bari. Hanya mafi sauƙi ita ce lamba. A Word, ka rubuta lambar harafin, ka danna Alt da X tare, nan take ta rikiɗe. 0253 ta ba ka ɓ, 0257 ta ba ka ɗ, 0199 ta ba ka ƙ. Manyansu 0181 da 018A da 0198. Masu bin rubutun Nijar da ke sa ƴ a inda 'yan Najeriya ke sa 'y, tasu 01B4 ce. Akwai ɗan tarko guda da ya wahalar da ni kafin in gane: in harafin da ke gaban lambar a ne, ko b, c, d, e, f, Word tana ɗaukarsa cikin lambar ta rikice. Gwada rubuta "faɗa" ka gani. Maganinsa ka fara da U+ kafin lambar.

Wanda kuma yake rubutu kullum, haddar lamba wahala ce ta banza. A ƙasan wancan akwatin akwai maɓallin Shortcut Key. Sau ɗaya na zauna na ɗaure ƙ a Alt da K, ɗ a Alt da D, ɓ a Alt da B, manyan kuma na ƙara Shift. Ko minti biyar bai ci ba, har yau ina cin moriyarsa. A waya ma ba sai an je nesa ba, Gboard yana da Hausa cikin harsunansa, ka ƙara ta kawai.

Abu biyu kuma na roƙe ku. Na farko, ku daina ƙirƙiro naku: wani ya rubuta k', wani 'k, wani q, wani ya sa babbar K a tsakiyar kalma. In kundin ƙungiya ya kai shafi 60 kana neman "ƙungiya" a ciki, kwamfuta ba za ta san cewa duk abu ɗaya kuke nufi ba. Na biyu, in za ka kai aiki Asafo, mayar da shi PDF kafin ka fita gida. Ba kowane salon rubutu ne yake da baƙaƙenmu ba, musamman masu ado da ake so a katin biki. In kwamfutar shago ba ta da salon da ka zaɓa, sai ƙ ta fito akwati, ko ta fito da wata siffa daban kamar baƙuwa a tsakiyar dangi. Noto Sans da Charis SIL duk kyauta ne, kuma suna da su cif.

Tunda ana maganar alamomi, bari in tsoma baki a kan kuɗinmu. Tun Yulin 2007 da aka cire sifili huɗu muke rubuta GH₵, alamar sidi kuma tana da lambarta, 20B5. Duk da haka rasit nawa kuke gani da ¢ ta kuɗin Amurka? Lalaci ɗaya ne, riga ce kawai ya sauya.

Yaron Asafo dai ya yarda zai sake mana ƙyallen a rabin kuɗi, don akwai wata walimar bayan Sallah. Jiya ya turo mini samfuri a waya yana murna. "Baƙi" ta fito daidai, ƙugiya a sama kamar yadda ya kamata. Sai na gangara layi na biyu, inda aka ce Allah ya sa wa ɗalibai albarka, na ga ƙugiyar ta zazzago ƙasa: ɖalibai. Ya ɗauko ta Ewe, 0256, wadda ke jingine da tamu. Na bugo masa na ce ya matsa gaba taki ɗaya. Ya ce, "Baba, ai duk d ce." Gobe in Allah ya kai mu da kaina zan je shagon.