Gwauro Ya Ce Sai Ya Ga Alat

Ran takwas ga azumi, an idar da asham, teburin Mai Shayi ya cika maƙil har da masu zuwa shan labari alhali ko ruwan bunu ba sa saye (sun san kansu). Sai ga Ɗan Boko da fayil a hammata, fayil ɗin nan da tun da ya gama bautar ƙasa ba wanda ya taɓa ganin cikinsa.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, albishirinka. Bana tashen garin nan ya samu sifonsa.

MAIGARI: Goro. Ya samu me?

ƊAN BOKO: Mai ɗaukar nauyi, ranka ya daɗe. Wani kamfanin sinadarin miya ne daga Kano, dubu ɗari uku cif, ga riguna ga bokitai. Sai dai suna zai canja, ba tashe ba kuma, Kanibal.

MAIGARI: Ƙanin Bala? Wane Balan, na gidan Sarkin Fawa ko mai faci?

ƊAN BOKO: Kanibal! Biki irin na duniya. Ai yanzu al'ada kuɗi ce, hawan sallar Kano ma tun Disambar 2024 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya.

MAIGARI: Madalla da ita. To ta aiko wa dawakan da ko buhun dusa?

Nan fa Gwauro, da tun ɗazu yake tsoma biredin bashi a shayin bashi, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya san kasuwarsa ta buɗe.

GWAURO: A dakata tukuna. Wannan ƙanin Balan da kuke faɗa, wa za a ɗaure a cikinsa?

MAI SHAYI: Yo wa kuwa in ba kai ba.

GWAURO: To a rubuta. Shekara goma sha tara ana ɗaure ni kyauta a garin nan, duk goma ga azumi yara su cika min ƙofa da gwangwanaye suna cewa in tashi gari ya waye, kamar ni na hana shi wayewa, a sa min igiya a ƙugu a zaga da ni har gindin tsamiya ko sannu babu. Bana ko Nalako sarkin gwagware ne da kansa ya taso daga Kano, sai na ga alat. Dubu hamsin kuɗin fitowa. Kuɗin igiya daban. In za a ja ni da gudu daban, saboda gwiwa.

ƊAN BOKO: Haba Baba, dubu hamsin?

GWAURO: Wane ne babanka? Ni da ko ɗan kaza ban ajiye ba. Ka ce Oga.

TUZURU: Ni dai a ba ni dubu biyu da riga ɗaya a ɗaure ni har sallah.

Wallahi da kun ga yadda Gwauro ya miƙe, sai ka ce an zagi kakansa. Shayin ma sai da ya zube, Mai Shayi ya ɗauko littafi ya rubuta har da na ƙasan.

GWAURO: Kun ga masu karya farashi ko! Irinku ne ke ɓata kasuwa a Dawanau. Kai ka taɓa aure? Ka san zafin a kwashe kayan ɗaki da tsakar rana ana kallonka, har tabarmar da kai ka saya? Ni takardata biyu, duk da sa hannun alƙali. Allah gafarta Malam, a raba mu.

LIMAN: To a gaskiya gwauro shi ne wanda ya yi aure ya rabu, tuzuru kuwa bai ma fara ba. In ana maganar ƙwarewa, Gwauro ne gaba.

GWAURO: Kun ji dai. Ni na yi karatun na fito, shi ko rijista bai yi ba.

WANZAMI: Allah gafarta Malam, tambaya. In mutum ya lallaɓa iyalinsa ta ɗan yi yaji na kwana goma, ya shiga sahu?

LIMAN: Yaji ba saki ba ne, kuma ka ji tsoron Allah, azumi ake.

WANZAMI: A'a wani ne ya aiko ni.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo mai ƙosai da matsami a hannu, daga ganin tafiyarta ka san labari ya riga ya isa bakin kasko.

GWAGGO: Kai ɗan nan, kai ne ka aiko yaro da takarda wai in biya dubu ɗaya kullum kuɗin rumfa? Wace rumfar? Tsamiyar ce kai ka shuka?

ƊAN BOKO: Gwaggo tsari ne. Gindin tsamiya kamfani zai kafa lema, ke an ba ki bayan firamare. Amma baƙi za su zo daga Ringim da Gumel, ciniki zai ninka.

GWAGGO: Shekara talatin ina suya a wurin nan, uwarka da cikinka ta ci ƙosaina bashi. Masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma su zo da rasit, 'yan ƙungiya su zo da rasit, yanzu kai ma ka samo naka. Wake ya hau, mai ya hau, itace ya hau. To bari ka ji, duk dubun da na ba ka a jikin ƙosai zan cire, sai ya koma kamar ƙwayar Panadol.

Kuma ta cika alkawari, mu da muka saya mu ne shaida.

Ran goma ga wata aka kewaye filin firamare da zana, aka tsayar da ɗan banga a ƙofa, shiga naira ɗari biyu. Aka ta da janareta, aka raba wa yara riguna masu hoton tukunya, mai gemun auduga da rigar kamfani, mai dokin kara da rigar kamfani, shi ma yaron da ke kwaikwayon mai magani aka ce kar ya ƙara tallan saiwa, sinadarin miya zai riƙa cewa yana maganin shawara. Ni abin da ya tsaya min a rai ma ba wannan ba ne. Tashe fa gida-gida yake shiga, yara su yi sallama a tsakar gida matan aure su bar tukunyar sahur su fito su yi dariya su ɗebo gero ko dawa a ƙoƙo su zuba musu, tsohuwar da ba ta iya fita ma a zo har bakin ɗakinta a yi mata. Bana matan nan ba abin da ya iso su sai ƙarar janareta ta saman katanga. Yaran da suka ɗan leƙa gidaje kuwa sun koyo sabon karatu.

YARO: Inna ba ma karɓar hatsi, ga lambar akawun.

INNA: Ja'iri, ƙoƙon geron nan ya fi hamsin ɗin da za a tura maka. Je ka tambaya a kasuwa.

YARO: Oga ya ce hatsi ba ya shiga lissafi.

Can a fili kuma an yi cirko-cirko, manajan kamfani na duba agogo, mai kyamara ya saita, ba Gwauro. Aka same shi a ɗaki ya saka sakata.

ƊAN BOKO: Oga fito mana, an tura wallahi, netwok ne.

GWAURO: To a ɗaure netwok ɗin a zaga da shi.

ƊAN BOKO: Ga rasit a wayata ka leƙo ta taga.

GWAURO: Irin wannan rasit ɗin aka nuna wa Bafulatani a Maigatari lokacin canjin kuɗi na 2023, har yau yana jiran kuɗin ragonsa.

BAFULATANI: Aradu gaskiya ne, ni ne.

MAIGARI: Kai Gwauro, ni ne da kaina. Fito.

GWAURO: Ranka ya daɗe, na ji muryarka, amma waya ba ta ji ba.

Sai da aka ɗora yaro kan katanga ya ɗaga ƴar Nokiyar sama wajen rabin awa kafin ta yi ƙara. Dubu goma, wai kafin alƙalami. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya sha kwalli, ya fesa turaren da ba a san yana da shi ba. Aka kawo igiya ya shinshina ya ce ta akuya ce, shi ba zai shiga bidiyo da igiyar akuya ba duniya na kallo. Aka yi hayar ta Bafulatani, sabuwa fil. Ya ce a ɗaura ta gefen hagu, nan ne ɓangarensa mai kyau a hoto. Yara suka fara waƙa ya tsai da su wai ba su ambaci shekara goma sha tara ba. Da aka zo ja kuma ya ce shi fa gudu ba ya cikin dubu goma, sai dai tafiyar ƙasaita, haka aka zaga da shi yana ɗaga wa mutane hannu kamar hakimi ran hawan bariki.

Bayan sallah da kwana uku aka zauna lissafi, a ƙarshe dai aka buɗe fayil.

ƊAN BOKO: Dubu ɗari uku. Janareta da fetur dubu tamanin, kun san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi. Mai kyamara da mai sauti daga Kano dubu saba'in. Buga riguna dubu sittin. Kujerun haya, zana, ƴan banga, dubu arba'in. Kuɗin shawara dubu arba'in.

MAIGARI: Wa ya ba da shawarar?

ƊAN BOKO: Ni, ranka ya daɗe.

MAIGARI: Wa ka ba?

ƊAN BOKO: Kaina.

MAI SHAYI: To mu a garin nan me ya zauna?

ƊAN BOKO: Bokitai. Kuma mun yi tirendin.

GWAGGO: Ni baƙin naka na gani, da ledar shinkafarsu suka zo daga gida, ko ƙosan hamsin ba su saya ba. Bayan firamare kuwa ni da awaki muka kwana goma.

GWAURO: A bar zancen awaki, ina cikon dubu arba'in ɗina?

ƊAN BOKO: Oga ai ka dangwala. Dubu goman ita ce duka. Ga shi nan kuma a shafi na biyu, ba ka da ikon yin aure sai bayan shekara uku, kuma ba mai ɗaure ka sai kamfani.

Aka yi tsit. Bafulatani ya matso ya ce hayar igiya dubu uku, an ce wajen wanda ya saka zai karɓa. Mai POS ya riga ya cire nasa. Mai Shayi ya buɗe littafi, dubu bakwai da ɗari bakwai har da shayin da ya zube. Aka lissafa aka sake lissafawa, ana bin Gwauro ɗari tara.

LIMAN: To ni ga wata magana. Wata bazawara daga Gumel ta gan ka a waya, ta aiko ƴan uwanta, ta ce ko sadaki a biya a hankali. Takardar nan kuwa ba ta hana sunna, yage ta za a yi.

Gwauro ya yi shiru, ya gyara wuyan rigar mai hoton tukunya, ya kalli Tuzuru da ya riga ya fara murmushi.

GWAURO: In yi aure wannan ya gaje kujerar? Allah gafarta Malam a ba ta haƙuri. Mai Shayi, haɗa min kauri, ka rubuta a tashen baɗi.